Bauhaus ko The Sisters of Mercy: da wanne za ka fara?

Wani ƙanena da ke karatu a jami'a ya turo min saƙo wajen ƙarfe ɗaya na dare. Wai ya tsinci waƙar wasu samari 'yan ƙasar Belarus, Molchat Doma, a TikTok, ta maƙale masa a kunne. Ya bi sawu har ya faɗa kan wasu Turkawa da ake kira She Past Away, daga nan kuma duk inda ya leƙa sai ya tarar ana ambaton sunaye biyu a matsayin kakannin wannan kiɗa da Turawa ke kira gothic rock: Bauhaus da The Sisters of Mercy. "Yaya, da wanne zan fara? Kar ka ce min duka biyun, datata ta kusa ƙarewa."

Cikin magagin barci na ce masa ya nemi Floodland, faifan Sisters na 1987. Da gari ya waye sai na ga na yi gaggawa. Amsar ta dace da shi don na san kunnensa, amma da wani ne ya tambaye ni, mai yiwuwa ɗayar hanyar zan nuna masa. Ana yawan jera ƙungiyoyin nan biyu kamar Hasan da Husaini, saboda duka 'yan Ingila ne, duka baƙaƙen kaya suke sawa, duka mawaƙansu masu kaurin murya ne. Ni kuwa a kunnena kamar su ta tsaya ne a tufafi. Abin da ya raba su shi ne mai ganga. A Bauhaus mutum ne yake kaɗa ta, a Sisters na'ura ce. Kusan duk sauran bambancin daga nan ya tsiro.

Dukansu sun fito ne bayan guguwar punk ta lafa a Ingila, a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da matasa suka gane cewa ba sai ka ƙware ba kafin ka ɗauki jita, amma kuma suka gaji da ihu da gudu. Joy Division a Manchester da Siouxsie and the Banshees a Landan su ne suka fara rage wa kiɗan sauri suka ƙara masa duhu. A kan wannan shimfiɗa Bauhaus da Sisters suka zo suka zauna, kowa da irin zamansa.

Bauhaus a garin Northampton aka kafa ta, a 1978. Su huɗu ne: Peter Murphy mai waƙa, Daniel Ash mai jita, David J mai jitar bes, sai ƙanensa Kevin Haskins a kan ganga. Sunan sun aro shi daga makarantar zane da gine-gine da Walter Gropius ya buɗe a Weimar ta Jamus a 1919, har da farko Bauhaus 1919 suke kiran kansu kafin su yar da lambar. 'Yan makonni kaɗan da haɗuwarsu suka shiga wani ƙaramin sutudiyo a Wellingborough suka naɗi "Bela Lugosi's Dead" a zama ɗaya, ba a tsaya an sake ba. Ta fito a watan Agusta na 1979, tsawonta ya haura minti tara, kuma har yau in aka tambayi masu bin wannan kiɗa waƙar da ta buɗe ƙofa, yawanci ita suke nunawa.

Toshe kunnuwanka da abin ji ka saurari farkonta. Abin da za ka fara ji shi ne ƙwas-ƙwas na sanda a bakin ganga, a hankali, da taku irin na bossa nova ta Brazil. Sai bes ya shigo da sauti uku kacal, yana gangarowa kamar mai sauka daga bene a cikin duhu yana laluben matakala da ƙafa. Jitar Ash kuwa ba a ce kiɗa take ba, karta take yi: ya goga tsirkiya, ya ja ta, ya saki, amsa-kuwwa ta ɗauke sautin ta yi ta maimaita shi har ya narke. Wannan dabara daga dub suka koyo ta, wato reggae ɗin nan da injiniyoyin sutudiyo na Jamaika irin su King Tubby ke zare wa murya, su bar bes da ganga suna yawo a cikin amo. Duk wanda ya taso yana jin reggae zai ji wani abu da ya sani a nan, ko da bai iya faɗin mene ne ba. Ana kusan minti uku a haka kafin Murphy ya buɗe baki. Waƙar kanta a kan Bela Lugosi ce, ɗan wasan nan ɗan asalin Hungary da ya fito a matsayin Dracula a 1931 ya kuma rasu a 1956. Rabinta makoki ne, rabinta zolaya, sai dai da yawa daga masu saurare makokin kawai suka ɗauka.

Cikin shekaru huɗu suka fitar da faifai huɗu: In the Flat Field a 1980, Mask a 1981, The Sky's Gone Out a 1982, da Burning from the Inside a 1983. Babu biyun da suka yi kama da juna, kuma ko a cikin faifai ɗaya ba ka san abin da waƙa ta gaba za ta zo da shi ba. "Dark Entries" gudu ce kamar an koro mutum. "Kick in the Eye" kiɗan rawa ne mai karairaya, bes ɗinsa na funk. "She's in Parties" ta koma dub. "All We Ever Wanted Was Everything" kuwa jitar katako ce da murya, shiru-shiru, irin waƙar da za ka ji ka kasa tashi daga inda kake zaune. Duk wannan ya yiwu ne saboda Haskins mutum ne. Yana iya ja baya, yana iya matsowa, yana iya barin fili babu komai a ciki, sauran ukun kuma su bi shi.

Amma fa in faɗa maka gaskiya, wannan 'yanci yana da tsada. Babu faifan Bauhaus ko ɗaya da nake saurara daga farko har ƙarshe ban tsallake wani abu ba. Akwai wuraren da gwajin ya zama hayaniya zalla, akwai inda Murphy ke wasan kwaikwayo da murya har abin ya wuce gona da iri. Tasirin David Bowie a kansa ba ɓoyayye ba ne, kuma abin dariya shi ne waƙarsu da ta fi tashe a Birtaniya, wadda ta kai lamba 15 a 1982, ta Bowie ce suka maimaita, "Ziggy Stardust". Faifai na huɗu kuma an yi yawancinsa Murphy na kwance da ciwon huhu, sauran suka ci gaba da aiki, har Ash da David J suka rera wasu waƙoƙin da kansu. Kana saurare kana jin ƙungiyar tana tsagewa. A watan Yuli na 1983 suka watse, a shekarar da fim ɗin The Hunger ya buɗe da fuskar Murphy yana rera waccan waƙa ta farko a bayan ragar ƙarfe.

The Sisters of Mercy kuwa a Leeds ta tashi, a 1980, tsakanin Andrew Eldritch da Gary Marx. Sunan daga wata waƙar Leonard Cohen, mawaƙi ɗan Kanada, ya fito. Eldritch ya taɓa karatun Faransanci da Jamusanci a Oxford, ya koma Leeds yana koyon Sinanci, kuma da farko shi ne mai ganga. Bai iya ba. Sai suka sayi wata 'yar ƙaramar na'urar kiɗa, Boss DR-55, suka raɗa mata suna Doktor Avalanche, shi kuma ya koma bakin makirfo. An sauya na'urar sau da yawa tun daga lokacin, a faifansu na farko ma Oberheim DMX ce, amma sunan bai canja ba. In aka cire Eldritch, Doktor ne kaɗai ɗan ƙungiyar da bai taɓa tafiya ba. Masu raha kan ce dalili shi ne na'ura ba ta gardama.

Na'ura ba ta gajiya, ba ta ja baya, ba ta sauraren kowa. In ta ɗauki taku, sai dai kowa ya bi ta har ƙarshe. Saboda haka waƙar Sisters a miƙe take kamar titin kwalta: ganga tana duka daidai wa daida, bes ya kama zance ɗaya ya yi ta nanata shi, jita tana zuba sauti ɗaya-ɗaya masu sheƙi a sama, muryar Eldritch kuma tana can ƙasa kamar daga cikin rijiya. Mu da muka san bambancin kiɗan kalangu a hannun makaɗi da kiɗan fiyano na sutudiyo ba ma buƙatar dogon bayani a nan. Ɗaya yana numfashi tare da mawaƙi, ɗaya kuma mawaƙin ne ke hawa kansa ya tafi.

Faifansu na sutudiyo uku ne kacal, kuma kowanne da mutane daban aka yi shi. First and Last and Always na 1985 shi ne na ainihin ƙungiya, da Marx da Wayne Hussey a kan jita, Craig Adams a kan bes. Jitoci biyun suna saƙa da juna, kuma in ka ji matasan yau masu wannan kiɗa, irin She Past Away ɗin da ƙanena ya tsinta, to wannan faifai ne suke bi sawu da ƙafa. A cikinsa akwai "Marian", inda Eldritch ya juya zuwa Jamusanci a tsakiyar waƙa. Shekarar ba ta ƙare ba sai da gidan ya rushe. Marx ya fita, suka yi wani babban wasa a zauren Royal Albert Hall na Landan a watan Yuni, sannan Hussey da Adams suka kama gabansu. Sun so su kira sabuwar ƙungiyarsu The Sisterhood. Da Eldritch ya ji, sai ya yi wuf ya riga su fitar da faifai da wannan suna a 1986, dole suka haƙura suka zama The Mission. Wannan labari kaɗai ya isa ya gaya maka irin mutumin da kake mu'amala da shi.

Floodland kusan shi kaɗai ya yi shi, daga shi sai Doktor, sai Patricia Morrison, Ba'amurkiya da ta fito daga ƙungiyar kiɗa ta The Gun Club, wadda fuskarta ke kan bangon faifan, ko da yake daga baya an yi ta gardama kan iya abin da ta kaɗa a ciki. Don babbar waƙar faifan, "This Corrosion", ya ɗauko Jim Steinman, mutumin da ya saba rubuta wa mawaƙin Amurka Meat Loaf manyan waƙoƙi masu kumbura. Waƙar tana buɗewa ne da muryoyin 'yan amshi kusan arba'in na New York Choral Society, su kaɗai, babu kiɗa, suna hawa suna sauka kamar a majami'a. Kana cikin tunanin ko ka kunna faifan da ba shi ba, sai ganga ta faɗo maka a ka, daga nan kuma ba ta sake ka ba sai bayan kusan minti goma sha ɗaya. Ta kai lamba 7 a Birtaniya. Ni dai "Lucretia My Reflection" ta fi kwanta min, don a nan ne za ka ga iya abin da bes ɗaya mai taurin kai zai iya ɗauka. Akwai kuma "1959", fiyano da murya kawai, wadda ke nuna cewa mutumin ya iya yin shiru in ya ga dama. An zuba kuɗi a faifan nan kuma ana ji: bidiyon "Dominion" ma a Petra ta ƙasar Jodan aka ɗauke shi.

Vision Thing na 1990 ba zan daɗe a kansa ba. Rock ne mai kauri irin na Amurka, da habaici ga siyasar George Bush babba, wanda daga bakinsa aka ɗauko sunan faifan. Yana da daɗi a mota, amma in abin da ya kawo ka duhu ne, bar shi sai daga baya. A 1992 suka sake naɗar tsohuwar waƙarsu ta 1983, "Temple of Love", tare da Ofra Haza, mawaƙiyar Isra'ila 'yar asalin Yaman, ta kai lamba 3. Muryarta tana shawagi a sama, tasa tana ja a ƙasa. In minti takwas kawai kake da shi don ka ɗanɗana Sisters, ba ka yi asara ba in ka ba wa wannan. Bayan 1993 Eldritch ya shiga rigima da kamfanin faifansa ya daina fitar da sabon abu. An daɗe da kashe rigimar, amma har yau bai sake fitar da faifan sutudiyo ba. Yana dai yawon wasa ƙasa-ƙasa, yana rera sababbin waƙoƙi a dandamali, wanda ke so ya je can ya ji.

Ta fuskar kalmomi ma ba hanyarsu ɗaya ba. Murphy hotuna yake jerawa, na tsofaffin finafinai, na gidan wasan kwaikwayo, na cocin Katolika da ya taso a ciki, wani lokaci har da Latin. Ba lallai ka fahimci jimla ba, yanayin ake so ka ji. Eldritch ɗan boko ne mai son wasa da harshe, kalma ɗaya ya ba ta fuska biyu. Zancensa soyayyar da ta lalace, ƙwaya, Yaƙin Cacar Baki, Rasha da Amurka, da gugar zana ga tsofaffin abokai. Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba zai fi samun sauƙi da Bauhaus ta wannan gefen, don rabin daɗin Sisters yana cikin habaicin ne. Sai dai ko ba ka ji kalma ɗaya ba, ƙafarka za ta motsa da kiɗan Sisters, abin da ba kullum Bauhaus ke ba ka ba.

Na san tambayar da ke zuwa, don ƙanena ma ya yi ta: wai ba masu bautar shaiɗan ba ne? Baƙaƙen kaya da kwalli da zancen mutuwa su ke sa a yi wannan zato. Abin da ke cikin waƙoƙin ƙungiyoyin nan biyu dai kaɗaici ne, da tsoro, da ba'a, da kwaikwayon finafinan ban tsoro. Akwai wuraren da Bauhaus ke wasa da alamomin addinin Kirista ta yadda mai tsantseni ba zai ji daɗi ba, akwai kuma zancen ƙwaya a Sisters, saboda haka kowa ya san abin da zai zuba wa kunnensa. Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne Murphy ya koma Turkiyya da zama tun shekarun 1990, ya karkata ga Sufanci, har ya yi faifai mai suna Dust a 2002 tare da makaɗin Turkiyya Mercan Dede. Eldritch kuwa ba abin da ke ɓata masa rai kamar a kira shi ɗan gotik. Shi a wurinsa ƙungiyar rock yake da ita, ba ƙari. A 1991 ma da Public Enemy, 'yan rap na Amurka, ya tsara rangadi, aka soke shi kafin ya kai ƙarshe.

To wa ya bar gado mafi girma? Ya danganta da abin da kake kira gado. Bauhaus ta bar hoto: siririn mutum a cikin farin haske da inuwa, wanda ko a bikin kiɗa na Coachella a Amurka a 2005 da suka sake haɗuwa, a rataye ya fito kai a ƙasa kamar jemage. Amma kiɗansu yana da wuyar kwaikwayo, don sai ka samu mutum huɗu masu irin wannan haukan tare. Shi ya sa tasirinsu ya bazu a wurare daban-daban maimakon ya tsaya a layi ɗaya. Nine Inch Nails, ƙungiyar rock ta Amurka, sun ɗauke su rangadi a 2006. Su kansu sun yi rassa: Ash da David J da Haskins suka kafa Love and Rockets, waƙarsu "So Alive" ta kai lamba 3 a Amurka a 1989, matsayin da uwar ƙungiyar ba ta taɓa ko kusantarsa ba a can. 'Yan Bauhaus ɗin sun koma sutudiyo, suka fitar da Go Away White a 2008, suka sake watsewa.

Sisters kuwa gwadabe suka bari. Na'urar ganga, bes mai nanaci, jita mai sheƙi, murya daga ƙasa, hayaƙi ya cika dandamali har ba ka ganin mawaƙi sai baƙin gilashinsa. Yaro biyu a ɗaki ɗaya da kwamfuta za su iya hawa wannan hanya, kuma sun hau, daga Leeds har Bursa ta Turkiyya, garin su She Past Away. In ka je bikin Wave-Gotik-Treffen da masu son wannan kiɗa ke yi a Leipzig ta Jamus tun 1992, ko na Whitby a Ingila da aka fara a 1994, jikokin Sisters za ka fi cin karo da su. Illar hakan ita ce masu kwaikwayo sun yi yawa har wani lokaci in ka koma kan na asalin sai ka ji kamar ka taɓa jin sa sau ɗari.

Ga yadda zan raba muku. In ta hanyar Molchat Doma ko She Past Away ka shigo, ko kuwa kiɗa kake so wanda zai raka ka doguwar tafiya da dare, ko ka saba da waƙar da ke da amshin da za ka kama tun jin farko, fara da Floodland, ka bi da First and Last and Always, sannan Some Girls Wander by Mistake na 1992 da ya tattara waƙoƙinsu na farko masu ƙura-ƙura. In kuwa kai mai son reggae da dub ne, ko Bowie, ko kana cikin masu jin daɗin kiɗan da ba su san inda zai kai su ba, fara da Bauhaus. Amma kar ka fara da cikakken faifai. Ji "Bela Lugosi's Dead" ita kaɗai, ka ƙara da "She's in Parties", in sun zauna maka sai ka shiga Mask, wanda a ganina ya fi sauran uku daidaito. In the Flat Field ka ajiye shi sai kunnenka ya yi ƙwari.

Ni kaina Sisters na fara so, kuma na shekara ina jin su kafin Bauhaus ta shige ni. Yanzu in na duba abin da na fi komawa kai, Bauhaus ce, don har yau ina tsintar wani sauti a can bayan jitar Ash da ban lura da shi ba a da. Waƙar Sisters kuwa abin da ta ba ka ranar farko shi za ta ba ka ranar dubu, ba ragi ba ƙari, kuma akwai ranakun da ba abin da mutum ke buƙata sai wannan.

Ko wanne ka zaɓa, kar ka saurara da lasifikar waya. Kiɗan nan duka a kan bes aka gina shi, lasifikar waya kuma bes take fara haɗiyewa. Abin da ya samu ƙanena ke nan. Bayan kwana biyu ya rubuto min cewa ya gwada Bauhaus ɗin ma, amma shi ban da ƙwas-ƙwas ba ya jin komai, ko fayil ɗin ne ya lalace? Na ce ya ari abin ji na kunne wurin abokin ɗakinsa, ya kashe fitila, ya sake kunnawa daga farko. Wajen sha biyun dare sai ga saƙonsa: "Yaya, ashe akwai wani a ƙasa yana saukowa."